Harbin Gwaji a Bayan Kasuwar Shanu

Motar igwa ta shigo Potiskum ranar kasuwa, a shekarar da aka fara ɗibar soja zuwa yaƙin ƙasar Bama. Kan sarƙa take tafiya, tana niƙe duwatsun hanya. Shanu suka tsinke igiya, mahauta suka watsar da wuƙaƙe suka bi ta a guje.

Baturen da ya kawo ta so yake samari su ga ƙarfinta su shiga soja. Ya ce za a yi harbi ɗaya, a nemo abin da za a auna.

Mai harbin shi ne Saje Auta Zariya, baƙo mai ƙarancin magana, hularsa kullum a kan gira. Bai tambayi kowa hanya ba. Ya ja su ta bayan kasuwa, ya nuna wata bukka can nesa a cikin gona, wajen hanyar Gadaka.

"Kango ne, ranka ya daɗe. Na duba da safe."

Aka ɗura harsashi. Bature ya ce a harba, Saje ya ce a ɗan jira iska ta kwanta. Sai da rana ta take tsaka ya ja igiya.

Ƙasa ta girgiza, mata suka zube, kunnuwa suka toshe. Bukkar ta tashi sama ta dawo garwashi. Taro ya ɗauki sowa, har waɗanda suka fara isa wurin suka juyo suna salati.

Ƙafa ɗaya suka tarar a kan kunyar gona, da takalminta. Hanji ya rataye a reshen ƙirya. Da zoben azurfa aka gane Yaji, dillalin shanu, wanda kullum a nan yake ƙailula. Shi ne ya lakaɗa wa matarsa Mairam taɓarya har ta cika, aka ce rijiya ta faɗa, magana ta mutu.

Bature ya rubuta cewa tsautsayi ne, ya ce a tashi mota.

Saje na ɗaure akwatin harsasai, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, Hajaratu, ta matso ta dafa ƙarfen da bai huce ba. Ba ta dube shi ba. Da Ngizimanci, yaren 'yan garin, ta yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Ka daɗe, Adamu. Ka je kabarin ƙanwarka Mairam kafin ku wuce."

"To, Inna," in ji shi.