Tsohon da Ke Gyaɗa Kai

Nuriyya, nas a wani asibitin Makka, tana wanke wa wani tsoho ɗinkin maƙogwaronsa, tana ba shi labarin garinsu Damagaram da Hausa. Tunda ta ga "Hausawi" a sunansa, kuma ba mai leƙo shi, ta ƙudurta ɗebe masa kewa. Ba ya iya magana, sai gyaɗa kai.

Ranar sallama 'yarsa ta iso daga Jidda. Nuriyya ta gaishe ta da Hausa, ita kuwa ta amsa da Larabci: "Nan aka haife mu. Ko Baba ba ya jin Hausa."

Tsohon ya yi wa 'yar tasa raɗa da ƙyar. Ta ɗago.

"Wai daga muryarki ya gane ba ki da kowa a garin nan. Shi ma jinyarki yake yi."