Kalmar da Malam Ya Rubuta da Jan Biro

Ina aji biyar malamin Turancinmu ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa faruwa a gidansu. Na rubuta yadda Kogin Haɗeja ya cika ya shigo mana har ɗaki, Inna ta kama tarwaɗa a ƙarƙashin gado. Da ya dawo mini da littafin, kalma ɗaya na gani da jan biro: "Ridiculous."

Na tambaye shi ma'anarta. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Abin dariya."

Na ruga gida da murna. Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, maƙwabta biyu na taya shi hira. Na ce, "Baba, labarina ya ba Malam dariya!" Sai da ya goge hannu a rigarsa kafin ya karɓi littafin, ya kira yayata Hajara da ke sakandare ta karanta musu.

Hajara ta duba, ta ɗago kai.

"Baba, da 'funny' ya rubuta, da labarin ya yi masa daɗi ne. Wannan kuwa shirme yake nufi, abin da ake yi wa dariyar raini."

Baba ya ce, "Wato ƙarya muka yi?"

Hajara ta mayar masa da littafin. Baba ya rufe littafin a hankali ya miƙo mini. "Je ki ajiye."

Daga ranar ban ƙara rubuta gaskiyar gidanmu a makaranta ba. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take. Mutumin nan ya ƙaryata mu, ya kunyata mahaifina a gaban maƙwabtansa, amma ya kasa duban idona ya faɗa mini da Hausa.