Littafin Adana Wake

Ranka ya daɗe, kafin ka soke wannan kason daga kasafin, bari in ba ka wani misali.

Wani shugaban ƙungiyar manoma ya samu tallafin buga ɗan littafi kan yadda ake sa wa wake magani don kada ƙwari su cinye shi. Da aka zauna rabon kuɗin, wata daga cikin mambobi ta ce a ware wani abu don a naɗi littafin a murya, a kuma buga kaɗan da manyan baƙaƙe, tunda yawancin masu adana waken tsofaffi ne da idonsu ya raunana. Shugaban ya ce shawara ce mai kyau, za a yi da abin da ya rage. Aka zaɓi takarda mai sheƙi da bango mai launi. Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna, aka dafa shinkafa, aka ɗauki hotuna. Da aka waiwayi maganar murya, babu abin da ya rage, masu tallafin kuma sun rufe lissafin kuɗinsu na shekarar.

Cikin waɗanda aka miƙa wa littafin akwai wata tsohuwa mai yanar ido, wadda 'ya'yanta suka tafi cirani suka bar mata waken gida. Ta yi yaƙi da jahilci a ƙuruciyarta, tana alfahari da karatunta, ba ta son a ce yau sai an karanta mata. Ta kai littafin dab da hancinta, baƙaƙen suka yi mata kamar jerin tururuwa. Sai ta ajiye shi, ta barbaɗa maganin kai tsaye cikin waken, ta ƙara don ya ji. Bayan an ci tuwo da miyar waken, jikokinta biyu suka kwanta asibiti. Sun tashi, amma ma'aikacin lafiya ya sa aka haƙa rami aka binne waken kaf, har da irin shuka. Da aka zo kwashe buhunan, littafin yana bisa na ƙarshe, bangonsa na ta sheƙi. Gargaɗin kada a zuba maganin kai tsaye cikin wake yana ciki, an rubuta shi daidai, babu kuskure ko ɗaya.

Kason da kake shirin sokewa ke nan, na murya da manyan baƙaƙe, ranka ya daɗe. Wanda ba a sa shi a lissafi tun farko ba, ragowa ba ta kaiwa gare shi. Hausawa sun ce: tun ran gini, ran zane.