Facin Tabawa

Ranar da aka karkatar da kogin Kwara cikin bututu, jiragen Yawuri suka wayi gari a kan yashi. Attajiran Kano suka saye su, suka ɗora kan rufin benaye, ana cika su da ƙasa ana shuka albasa. Tunau, tsohon masunci, ya biyo su neman abinci. Shi da ya tsufa yana toshe yoyo, yanzu aikinsa huda gindin jirgi don ruwa ya samu mafita.

Ran nan aka kawo nasa jirgin. Ga facin da marigayiya matarsa Tabawa ta yi da tsumman zanenta da kwalta. A lokacin dariya ya yi mata, ya ce ko tsallake ba zai kai su ba.

"Baba, huda wurin tsumman nan, ya fi taushi," in ji mai lambun da ya sayi jirgin.

"Alhaji, bari in huda gefe."

"Katakon zai tsage. Ko in kira wani ne?"

Tunau ya ɗora ƙusa ya yi ta bugu, sai da ƙyar facin ya saki. Har kogin ya ƙare facin nan bai taɓa yoyo ba, shi kuwa bai taɓa gaya mata ba.