Ladan Mai Haƙora

Da tsakar ranar azumi aka kama wani ladani a unguwar Alabar yana tauna kifi a bayan masallaci.

"Subhanallahi! Baba Ladan, har da kai?" in ji wani mahauci. Jama'a suka taru, aka ce daga yau ya gama kiran salla a masallacin nan.

Ladan ya durƙusa, ya tofa kifin a tafin hannunsa, ya miƙa wa kyanwar masallacin, wadda kome ta ci sai ta amayar, in ba an tauna mata ba.

"Ka jira magariba mana!" in ji mahaucin.

Ladan ya kurkure baki. "Jiya na jira, ta kusa mutuwa. Ku naɗa wani, amma gobe ma sai ta ci. Ku zaɓo mai haƙora."