Maganin Hajiya Atika

"Maganin banza, likitan banza!" Alhaji Gado ya wurga hoton ƙirjin matarsa kan tebur. "Ni da ke sauke tireloli a Maraɗi, ni yaro kamarka zai raina wa hankali?"

Hajiya Atika na gefe tana tari cikin mayafi. Kansar huhunta ta lafa a baya, yanzu ta dawo.

Likita Bilal ya danne zuciyarsa. "Alhaji, gwaji ne ya nuna irin canjin da ƙwayoyin cutarta suka yi, muka zaɓa mata magani biyu. Ɗaya na tare cutar, ɗayan na toshe inda take zillewa. Tana shan su tare?"

"Tare?" Alhaji ya taɓe baki, ya dube shi sama da ƙasa. "Ku 'yan lakwal masu karatun boko ba ku san zumunci ba. Yayana Alkasim na can Tibiri yana tari, ga kwali biyu a gidana, sai in hana shi guda? Tun azumi na raba masu."

Hajiya ta ɗago kai a hankali.

"Alhaji, ce mini ka yi likita ya ce guda ya isa."