Farfesa a Ɗakin Hoton Ƙwaƙwalwa

Da aka zo shigar da tsohon farfesan cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, sai ya ƙanƙame hannun 'yarsa.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji ma'aikaciyar ɗakin. "Waya ce a ciki, ta fi ƙanƙara sanyi. Lantarki na zagaya ta, ba abin da ke tare shi."

'Yar ta sunkuyar da kai. Shekara arba'in mahaifinta yana lissafin irin wayar nan a allo, ita kuwa ta girma tana kallon ƙeyarsa. Yau ko sunanta ya ɓace masa.

Ya shafa na'urar. "Wanda ya yi lissafin nan ya sha wuya. Ya kuwa samu lokacin 'ya'yansa?"

'Yar ta gyara masa matashi. "Ya samu, Baba."